Kafin Ƙasa Ta Rufta: Yadda Ake Karanta Haɗarin Gangare Daga Riruwai Zuwa Tiga

Matafiyin da ya bar hanyar Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora, ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, zai lura ƙasa tana ɗagawa sannu a hankali har ya isa tsaunukan Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa. Nan ne wuri mafi tudu a Jihar Kano, inda wasu ƙololuwa suka haura mita 1,200 daga doron teku, alhali birnin Kano bai kai mita 500 ba. Nan ne kuma ruwan sama ya fi yawa a jihar, domin yakan zarce milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Ruwan da ya sauka a waɗannan tuddai shi ke gangarowa Kogin Kano, ya taru a madatsar Tiga da ke Bebeji.

Tudu, ruwa mai yawa, da mutanen da ke haƙa a gindin tudun: duk inda waɗannan uku suka haɗu, akwai ranar da ƙasa kan zame. Idan hakan ta faru, labarin da ake ji ɗaya ne, wato rami ya rufta ba zato ba tsammani. Amma gangare ba kasafai yake faɗuwa ba tare da ya nuna alama ba, kuma akwai ƙasashen da suka mayar da karanta wannan alama aikin hukuma na kullum. Waɗanda suka fi nisa a wannan ilimi su ne mazauna tsaunukan dusar ƙanƙara. Kudancin Kano ba shi da dusar ƙanƙara, amma tambayoyin da suke yi wa tsaunukansu sun dace da ramukan kuza na Doguwa, da ramukan burji na Kiru, da bangon madatsun ruwa na Bebeji.

Abin da mutanen Alps suka koya

A hunturun 1950 zuwa 1951, zaftarewar dusar ƙanƙara ta hallaka mutane fiye da 200 a tsaunukan Alps na Turai, kusan 100 daga cikinsu a Suwizalan. Ƙasar tana da cibiyar bincike a kusa da garin Davos da ta soma nazarin dusar ƙanƙara tun 1936, ta kuma karɓi aikin fitar da sanarwar haɗari a 1945. Bayan wancan bala'i aka faɗaɗa aikin, aka ƙara masu sa ido a ƙauyuka. A yau cibiyar tana fitar da sanarwa sau biyu a rana a lokacin hunturu.

Abin da bincikensu ya nuna mai sauƙin fahimta ne. Dusar ƙanƙara tana taruwa ne shimfiɗa a kan shimfiɗa, kowace saukowa da tata. Wata shimfiɗar takan daskare ta zama kamar faifai mai ƙarfi, wata kuma takan zama garas-garas kamar sukari, ba ta riƙe komai. Idan faifai mai nauyi ya kwanta a kan shimfiɗa mai rauni, a kan gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, to saura abu ɗaya, wato abin da zai taɓa shi. Sabuwar dusa, iska mai tara ta gefe guda, ɗumamar rana farat ɗaya, ko nauyin mutum guda, kowanne yana iya tsinka shimfiɗar ƙasa, faifan ya taho gaba ɗaya. A mafi yawan haɗurran da ake rasa rai, wanda abin ya ci ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar da ƙafarsa.

Saboda haka mai hawan tsauni yakan yi tambaya huɗu kafin ya taka: yaya karkatar wurin take, me ke ƙarƙashin abin da ido ke gani, wane nauyi aka ƙara masa a kwanakin nan, kuma wa ke ƙasa idan ya zame. Masu sa ido sukan haƙa rami a dusar su duba shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya, su buga su ga inda za ta tsinke. Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai mataki biyar, daga haɗari kaɗan zuwa haɗari mai tsanani ƙwarai. Wani abin lura shi ne, mutane sun fi mutuwa a mataki na uku, ba a na biyar ba. A mataki na biyar kowa ya ga hadari ya zauna gida. A na uku kuwa, sama tana iya washewa, wuri ya yi kyau a ido, rauni kuma yana nan a ɓoye.

Shimfiɗun da ke ƙarƙashin Riruwai

Tsaunukan Riruwai ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne, daga jerin duwatsun da suka haɗa da na Jos, kuma shi ya sa suke da kuza da sauran ma'adinai. Asalin jikinsu falalen dutse ne mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi sai ta tsaga. Shekaru aru-aru na rana da ruwa sun ruɓar da samansa, ya zama tsakuwa da rairayi da yumɓu, sannan jar ƙasa da marmara, sai baƙar ƙasar noma a can sama. Ke nan a nan ma shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Da rani waɗannan shimfiɗu suna riƙe da juna, har mutum ya sare bango a tsaye ya tsaya kamar gini. Idan damina ta kankama, ruwa yana nutsewa ta cikin ƙasa mai laushi har ya tarar da yumɓu ko falalen dutse, ya rasa hanyar wucewa, ya kwanta a nan. Daga nan abu biyu ke faruwa lokaci guda. Na farko, nauyin ƙasar sama yana ƙaruwa. Ruwan milimita 50, wanda hadari guda na watan Agusta kan iya zubarwa, ya kai lita 500,000 a kan hekta ɗaya, wato tan 500, ko jarka 20,000 mai cin lita 25. Na biyu, ruwan da ya cika ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa yana tura su yana raba su, ƙarfin riƙonsu ya ragu. Kaya ya ƙaru, igiyar da ta ɗaure shi ta saki.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan. Katanga ba ta cika faɗuwa da ruwan farko ba. Takan faɗi ne a tsakiyar marka, bayan gindinta ya sha ruwa kwana da kwanaki, wani lokaci ma bayan an ɗauke ruwan, da tsakar dare. Haka gangare yake. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jimillar ruwan da ƙasa ta sha a mako biyu ko uku da suka wuce, sannan ruwan yau ya zo ya cika ma'auni. Ranar da rana ta fito bayan kwana uku ana ruwa, wadda ma'aikata ke ɗokin komawa rami, ita ce daidai da mataki na uku a ma'aunin mutanen Alps.

Saiwar itace tana ɗinke ƙasar sama da ta ƙasa, ganye kuma yana rage ƙarfin ruwa. Idan aka sare itatuwa don gawayi ko sabuwar gona, saiwoyin ba sa mutuwa nan take. Sukan ɗauki 'yan shekaru suna ruɓewa, don haka gangaren da aka share bana yana iya jira har wasu damuna kafin ya nuna abin da aka yi masa. A Freetown, babban birnin Saliyo, an daɗe ana sare dajin tsaunin Sugar Loaf ana gini a jikinsa. Ranar 14 ga Agusta, 2017, bayan kwanaki ana tafka ruwa, gefen tsaunin ya zame da asuba, mutane fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓata.

Rami da tulin ƙasar da aka fitar

Haƙar kuza a Riruwai ta girmi zuwan Turawa. Maƙeran garin sun shahara da narka ta su zuba ta sirara kamar kara, fatake su kai ta kasuwanni masu nisa. Kamfanonin zamanin mulkin mallaka sun zo sun faɗaɗa aikin, daga baya aka buɗe mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka ja baya daga filayen kuza na Arewa, aka bar tsofaffin ramuka da tulin ƙasa. Yau da farashin ma'adinai ya sake tashi, matasa ne ke shiga da diga da shebur da buhu.

Ramin haƙa gangare ne da mutum ya ƙera da hannunsa, kuma yawanci ya fi na halitta tsayuwa. Idan aka zuba busasshen yashi ko tsakuwa, tulin yakan tsaya da kansa a karkatar da ba ta wuce digiri 30 zuwa 35 ba. Duk bangon da ya fi haka miƙewa, danƙon ƙasa ne kawai ke riƙe da shi, danƙon kuwa ruwa yana cinye shi. Ana iya gwada karkata ba tare da na'ura ba: idan a kowane taku goma na tafiya a miƙe ƙasa ta ɗaga da kimanin taku shida, an kai digiri 30. Wayoyin zamani da yawa ma suna da manhajar auna karkata.

Abubuwa uku ne suka fi tayar da rushewa a rami. Na ɗaya, bin jijiyar ma'adini ta ƙarƙashin bango, a rarake gindinsa a bar samansa a rataye. Na biyu, tara ƙasar da aka fitar a bakin ramin, wanda ke ɗora wa bangon nauyi a daidai inda ya fi rauni. Na uku, jijjiga daga injin ban ruwa, babbar mota ko nakiya. Ana iya ƙarawa da haƙa rijiyoyi kusa da juna har katangar da ke tsakaninsu ta sirance. Ƙa'idar aikin gini a ƙasashe da dama ita ce, ramin da ya kai zurfin mita ɗaya da rabi sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi hawa-hawa, a kuma janye tulin ƙasa daga baki. Dalili shi ne, ƙasar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ta kai tan ɗaya da rabi ko fiye, nauyin ƙaramar mota. Wanda ta danne har ƙirji ba ya iya numfashi ko da kansa yana waje.

Misalan ba su da nisa. Ranar 3 ga Yuni, 2024, bayan mamakon ruwa, wani babban ramin haƙar ma'adinai ya rufta a Galadima Kogo da ke Ƙaramar Hukumar Shiroro a Jihar Neja, ya binne gomman ma'aikata. Ranar 7 ga Nuwamba, 2021, rijiyoyin haƙar zinare suka rufta a yankin Ɗan Isa na Jihar Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya, aƙalla mutum 18 suka rasu. Na Ɗan Isa ya faru ne bayan ɗaukewar damina, abin da ke nuna cewa haƙa ita kaɗai tana iya kayar da rami ko babu ruwan sama.

Tulin ƙasar da aka zubar shi ma abin tsoro ne. A ƙauyen Aberfan na yankin Wales a Birtaniya, hukumar kwal ta tara sharar mahaƙa a kan tudu, bisa idon ruwa. Ranar 21 ga Oktoba, 1966, tulin ya jiƙe ya kwararo kan makarantar firamare, ya kashe mutum 144, 116 daga cikinsu yara. Mutanen ƙauyen sun sha kai kuka kafin ranar. Sai bayan haka, a 1969, aka yi dokar da ta wajabta duba irin waɗannan tuli.

Alamomin da ido ke iya gani

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsaga ita ce alama ta farko. Tsagar da ta bi bakin rami ko saman gangare, musamman mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, tana nuna cewa wani ɓangare ya fara rabuwa da uwarsa. Ana iya kafa turaku biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, a ɗaura zare a auna safe da yamma. Idan tazarar tana ƙaruwa, musamman idan saurin ƙaruwar yana daɗuwa, lokacin fita ya yi.

Sauran alamomin sun haɗa da kumburin ƙasa a gindin gangare, itace ko turken wuta da ya soma karkata, tsakuwa da ke zubowa ita kaɗai daga bango, da ruwa da ya ɓullo a inda ba a saba ganinsa ba. Idon ruwan da ya saba fitowa garau ya koma ja ko ya ƙafe farat ɗaya yana nuna hanyar ruwa ta canza a cikin ƙasa. Ƙoramar da ruwanta ya ragu kwatsam ana tsakiyar ruwan sama tana iya nufin ƙasa ta toshe ta a sama, kuma toshiyar za ta ɓalle. A cikin rami, ƙarar katakon tokare ko ƙasa mai zubowa daga rufi ba abin jira a gani ba ne. Alamar da ta fi kowace ƙarfi, a Alps ko a Doguwa, ita ce rushewar wani wuri makamancinsa a kusa. Idan ramin maƙwabci ya faɗi jiya, ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya suka sha.

Bangon madatsa ma gangare ne

Madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, tulin ƙasa ce da aka daddaɓe, mai tsawon kusan kilomita shida da tsayin kusan mita 48. An tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma ita ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Irin wannan bango yana da hanyoyin lalacewa guda biyu da aka fi sani: ruwa ya haura ta samansa ya zaizaye shi, ko ya huda ta cikinsa a hankali yana kwashe ƙasa har ƙofar ta faɗaɗa.

Bebeji ta ga hakan da idonta. A watan Agustan 1988, bayan ruwa mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A 1992 aka rage tsayin mazubar rarar ruwa ta Tiga da mita uku da rabi don a sauƙaƙa wa bangon nauyi, matakin da ya rage yawan ruwan da take riƙewa. Ɓallewar madatsar Alau da ta shanye sassan Maiduguri a watan Satumban 2024 ta sake tuna wa jama'a cewa tsohon bango yana buƙatar ido a kansa.

Masunta da manoman da ke bin gindin bango kullum suna iya ganin abin da injiniya mai zuwa sau ɗaya a wata zai rasa. Ɗan tsattsafin ruwa garau a gindin madatsar ƙasa abu ne da aka saba. Wanda ya fito da laka, ko yake ƙaruwa, yana nufin bangon yana zubar da cikinsa. Haka tsaga a saman bango, wurin da ya lotsa, gidan gara, ramin dabba, ko babban itace da ya tsiro a jikinsa. Wannan ya shafi ƙananan madatsu da kududdufan da aka tare a ƙauyukan Kiru da Tudun Wada, waɗanda ba su da ma'aikaci na dindindin.

Mintunan farko

Alƙaluman ceto daga Alps sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda dusa ta binne suna rayuwa idan aka tono su cikin minti 15, amma bayan kusan minti 35 adadin yakan sauko zuwa kusan kashi 30. Ƙasa ta fi dusa nauyi, ba ta kuma barin iska. Motar agaji da za ta taso daga Kano zuwa Riruwai tana da tafiyar sa'o'i a gabanta. Saboda haka masu ceto na gaskiya su ne abokan aiki. Wannan ya sa ake so kowane rami ya kasance da mutum guda a waje mai sa ido, da lissafin waɗanda suka shiga, da igiya, tsani da shebur a ajiye nesa da baki. Bangon da ya faɗi sau ɗaya yana iya sake faɗuwa, don haka cunkoson jama'a a bakin rami yana ƙara wa waɗanda ke ciki haɗari.

Wa ke da alhakin sa ido

Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinai, kuma Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta ɗora duba lafiyar mahaƙa a kan sashen sufetocin ma'aikatar tarayya. Dokar ta tanadi kwamitin albarkatun ma'adinai da muhalli a kowace jiha, ta kuma yi alƙawarin taimakon ƙwararru ga ƙungiyoyin ƙananan mahaƙa da suka yi rajista. Tiga tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. NiMet tana hasashen ruwan sama, NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya na shekara, NEMA da SEMA suna kai ɗauki bayan abu ya faru. A 2024 gwamnati ta ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai daga jami'an Sibil Difens, aikinsu kuwa kama masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba ne.

Hukumomi suna da yawa, amma hasashen da ake yi wa jiha ko ƙaramar hukuma ba ya gaya wa mai rami ko bangonsa zai kai gobe. Mai haƙa da ke tsoron kamu kuma ba zai kai rahoton tsaga ba. Lebura da ake biya gwargwadon buhun da ya fitar ba zai zauna gida ranar da ƙasa ta jiƙe ba, sai idan ranar hutun ta zama ƙa'ida a kan kowa, har da mai ramin da mai sayen kaya.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gada ɗaya ba: ma'aunin ruwan sama a makarantu da ofisoshin hakimai daga Riruwai zuwa Tiga, taswirar tsofaffin ramuka da tulin ƙasa, horar da shugabannin mahaƙa da masunta su gane alamomi, da sanarwa mai mataki uku ko biyar da Hausa ta rediyo da WhatsApp daga Yuli zuwa Oktoba, tare da ikon rufe rami idan an kai mataki na sama. Ƙananan hukumomin nan huɗu mazaɓu biyu ne a Majalisar Wakilai, Kiru da Bebeji, sai Doguwa da Tudun Wada, kuma ma'adinai da manyan madatsu duk hurumin tarayya ne. Matashin da ɗan takara ya zo neman ƙuri'arsa yana da damar tambaya: yaushe sufeton ma'adinai ya zo Riruwai na ƙarshe, ina rahoton duba bangon Tiga na bana, kuma nawa aka ware wa waɗannan ayyuka a kasafin kuɗi.